Tambayoyi da Amsoshi kan Mayar da Hoto Zagayayye da Lanƙwasa Kusurwoyinsa a Shafin Intanet

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon gina shafukan intanet da masu kula da shafukan makarantu, ƙungiyoyi da kamfanoni, musamman idan aka ce musu su jera hotunan ma'aikata ko na shugabanni a cikin da'ira. An fara da masu sauƙi kafin a kai ga masu buƙatar ɗan sanin CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi.

Shin dole ne in yanke hoton kansa kafin ya fito zagayayye a shafi?

Ba dole ba ne, kuma a mafi yawan lokuta rashin yanke shi ya fi. Babu fayil ɗin hoto da yake zagayayye a haƙiƙa, domin JPEG da PNG da WebP duk jerin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, waɗanda aka shirya layi-layi a fili mai kusurwa huɗu. Abin da ido yake gani a matsayin da'ira ɗayan biyu ne: ko dai an umarci burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, ta ɓoye kusurwoyin a lokacin nunawa, ko kuma an goge launin kusurwoyin a cikin fayil ɗin har ana hango abin da ke bayansu.

Hanya ta farko ita ce manyan dandali suke bi. Hoton da mutum ya sa a WhatsApp yana fitowa zagayayye a jerin hirarraki, amma da zarar an taɓa shi sai ya buɗe da kusurwoyinsa huɗu cif. Haka nan a watan Yunin 2017, lokacin da Twitter ya mayar da hotunan masu amfani da shi zagayayyu, babu wanda aka nema ya sake ɗora hoto, domin hotunan suna nan yadda suke, umarnin nunawa kawai aka sauya. Wanda ya bar hotonsa cikakke yana da damar mayar da shi da'ira yau, gobe ya mayar da shi mai lanƙwasassun kusurwoyi, da gyaran layi ɗaya. Wuraren da wannan hanya ba ta kaiwa an yi bayaninsu a amsar tambayar da ta shafi imel da Opera Mini.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta mayar da hoto da'ira da CSS?

A ba hoton faɗi da tsayi iri ɗaya, sannan a sa masa `border-radius: 50%`. Misali: `.hoton-malami { width: 160px; height: 160px; border-radius: 50%; object-fit: cover; }`. Abin da `border-radius` yake yi shi ne lanƙwasa kowace kusurwa, kuma idan aka ce kashi 50 cikin 100, lanƙwasar kowace kusurwa tana miƙewa har tsakiyar gefen hoton, inda za ta haɗu da ta maƙwabciyarta, sai su huɗun su tashi da'ira. Wasu suna rubuta 100 a maimakon 50, sakamakon kuma ɗaya ne, saboda idan lanƙwasa biyu suka nemi hawa kan juna burauza tana rage su daidai wa daida har su tsaya a inda suka haɗu.

Wannan sauƙi bai daɗe da samuwa ba. Internet Explorer bai fahimci `border-radius` ba sai a siga ta 9 da ta fito a 2011, kuma kafin nan masu gina shafuka sukan yanka ƙananan hotuna huɗu su manna ɗaya a kowace kusurwar akwati domin kawai ta yi kamar ta lanƙwashe. Idan aka ci karo da `-moz-border-radius` ko `-webkit-border-radius` a tsohon darasi, ragowar wancan zamani ne, ba a buƙatarsu yanzu.

Na sa kashi 50 amma hoton ya fito kamar ƙwai. Me ya jawo haka?

Akwatin hoton ba murabba'i ba ne, wato faɗinsa da tsayinsa ba su zo ɗaya ba. Burauza tana lissafa kashi 50 na faɗi daban, na tsayi daban, saboda haka hoton da yake da faɗin fiksel 400 da tsayin 300 zai sami lanƙwasar 200 a kwance da 150 a tsaye, abin da ke bayar da siffar ƙwai. Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa, kuma kusan kullum maganinta daidaita akwatin ne.

Akwai lokutan da mutum ya rubuta faɗi da tsayi daidai amma duk da haka ƙwan ya fito. Abu biyu ya kamata a bincika. Na farko, yawancin jigogi, wato shiryayyun kamannin shafi, na manhajar gina shafuka ta WordPress da makamantanta suna ɗauke da umarnin `height: auto` a kan dukkan hotuna, wanda yakan rinjayi tsayin da aka rubuta idan ya fi shi ƙarfi. Na biyu, idan hoton yana cikin jeri na `display: flex` tare da dogon rubutu a gefensa, rubutun yakan matse shi, kuma `flex-shrink: 0` a kan hoton ne yake hana hakan. A danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan hoton a zaɓi Inspect, nan take burauza za ta nuna ainihin faɗi da tsayin da ta ba shi, da umarnin da ya yi nasara.

Na daidaita faɗi da tsayi, da'irar ta fito, amma fuskar mutumin ta matse. Yaya zan gyara?

Idan aka tilasta wa dogon hoto shiga akwati murabba'i ba tare da wani ƙarin umarni ba, burauza tana miƙe shi ko ta matse shi har ya cika akwatin. `object-fit: cover` yana sa hoton ya riƙe siffarsa ta asali, ya cika akwatin baki ɗaya, abin da ya yi saura a gefe ko a sama da ƙasa kuma a ɓoye shi. Ɗan'uwansa `object-fit: contain` yana nuna hoton duka ba tare da yanke komai ba, sai dai yana barin fili a gefe, shi ya sa ya fi dacewa da tambari, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi tambarin kamfani.

Da'irar tana yanke hula ko rawani ko saman ɗankwali. Akwai dabara?

Akwai, kuma wannan matsala ta fi damun masu aiki da hotunan mutanenmu fiye da yadda darussan ƙetare suke lura. Da'irar da aka zana a cikin murabba'i tana ɗaukar kusan kashi 78.5 cikin 100 na filinsa, wato kusan kashi 21.5 yana tafiya a kusurwoyi. Ƙari a kan haka, da'ira tana ƙuntata ne tana yin sama, daidai inda doguwar hula ko kunnuwan rawanin basarake ko ɗaurin ɗankwali mai faɗi suke buƙatar fili. Hoton da aka ɗauka irin na fasfo, wanda kai ya kusa taɓa saman hoton, ba zai tsira ba.

Idan hoton dogo ne kuma akwai sarari a samansa, `object-position` ne magani. A ƙa'ida `object-fit: cover` yana ɗaukar tsakiyar hoto, wanda a hoton mutum a tsaye yakan faɗa kan ƙirji. Rubuta `object-position: 50% 20%` ko `object-position: top` yana jawo ɓangaren sama cikin akwatin. Kowane hoto da inda fuskarsa take, saboda haka a jerin mutum goma ana iya samun uku da za a gyara wa adadin su kaɗai.

Idan kuwa babu sarari a hoton tun asali, CSS ba zai ƙirƙiro shi ba. Sai dai a koma ga mai ɗaukar hoto a ce ya ja baya kaɗan, ya bar fili kamar tafin hannu a saman kai da kowane gefe. A ganina, hoton sarki ko hakimi da cikakken rawani bai dace da da'ira ba ko kaɗan. Akwati mai tsayi da aka ɗan lanƙwasa kusurwoyinsa ya fi mutunta shi, domin yanke rawani a shafin masarauta abu ne da za a lura da shi tun kafin a karanta kalma ɗaya.

Ina so da'irar ta riƙa girma da raguwa daidai da allon waya ko na kwamfuta. Yaya za a yi ta ci gaba da zama da'ira?

A ba hoton faɗi da kaso, misali `width: 40%`, a sa `height: auto`, sannan a ƙara `aspect-ratio: 1 / 1`, wanda yake umartar burauza ta riƙe tsayi daidai da faɗi komai yadda faɗin ya sauya. Chrome da Firefox da Safari duk sun karɓi wannan umarni a cikin shekarar 2021. Kafin nan ana amfani da wata dabara ta sa `padding-top: 100%` a kan akwatin da ya kewaye hoton, saboda kason `padding`, wato tazarar cikin akwati, da faɗi ake lissafa shi, kuma har yanzu ana ganinta a tsofaffin shafuka. Yana da kyau a haɗa da `max-width` domin kada da'irar ta cinye rabin babban allo.

Ba da'ira nake so ba, kusurwoyin kawai nake so su ɗan lanƙwashe. Fiksel zan rubuta ko kaso?

Fiksel, ko ma'aunin `rem`, wanda yake bin girman rubutun shafin. Kamar yadda aka gani a amsar siffar ƙwai, kaso yana bin faɗi da tsayi daban-daban, don haka `border-radius: 10%` a kan dogon hoto yana bayar da kusurwoyi masu karkata, alhali `border-radius: 12px` yana bayar da lanƙwasa iri ɗaya a ko'ina. Wannan dalili ne ya sa masu son siffar ƙwayar magani, wato dogon akwati mai zagayayyun ƙarshe biyu, suke rubuta babban adadi kamar `9999px`: burauza tana rage shi har ya zama rabin gajeren gefe, sai ƙarshen biyu su fito rabin da'ira sosai.

Ana iya ba kowace kusurwa nata adadi. Idan aka jera huɗu, ana farawa daga kusurwar sama ta hagu a bi yadda hannun agogo yake tafiya, don haka `16px 16px 0 0` yana lanƙwasa na sama biyu ya bar na ƙasa a miƙe. Idan aka ba na sama biyu babban adadi, hoton yakan fito da siffar ƙofa mai baka. Akwai kuma rubutu mai karkatacciyar sanda a tsakiya, inda adadin da ke gabanta yake nufin lanƙwasar kwance, na bayanta kuma ta tsaye, kamar `60% 40% 30% 70% / 60% 30% 70% 40%`, wanda ke bayar da siffa marar tsari kamar ɗigon ruwa a ƙasa.

Na lanƙwasa kusurwoyin kati, amma hoton da ke cikinsa yana leƙowa ta kusurwa. Me zan yi?

Lanƙwasar akwatin waje ba ta shafar abin da ke cikinsa sai an faɗa. A sa `overflow: hidden` a kan katin domin duk abin da ya wuce iyakarsa a ɓoye shi, ko kuma a ba hoton tasa lanƙwasar a kusurwoyin da suka taɓa na katin. Hanya ta biyu ta fi idan akwai wani abu a cikin katin da ake so ya fito waje, kamar ɗan jerin zaɓi mai saukowa, domin `overflow: hidden` shi ma zai datse shi.

Idan akwai tazara tsakanin hoton da bakin katin, kada a ba su lanƙwasa iri ɗaya. Ƙa'idar ita ce lanƙwasar ciki ta zama ta waje a debe tazarar: kati mai `24px` da tazarar `8px` yana buƙatar hoto mai `16px`. Idan aka ba su adadi ɗaya, tazarar takan yi kauri a kusurwa fiye da gefe, kuma mai kallo yakan ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Mene ne bambancin `border-radius` da `clip-path`?

`border-radius` yana sauya siffar akwatin ne, saboda haka iyaka, wato layin da ke kewaye akwatin, da inuwa suna bin sabuwar siffar. `clip-path` kuwa almakashi ne: yana datse duk abin da ya faɗa wajen siffar da aka zana, har da iyaka da inuwa. Amfaninsa shi ne ba ya tsayawa ga lanƙwasa kusurwa. `clip-path: circle(80px at 50% 35%)` yana yanke da'ira ta gaskiya a daidai wurin da aka nuna ko da hoton ba murabba'i ba ne, `ellipse()` yana bayar da ƙwai da gangan, `inset(0 round 20px)` yana kwaikwayon lanƙwasassun kusurwoyi, `polygon()` kuma yana yanke siffa mai gefe shida ko tauraro ko duk abin da aka lissafa kusurwoyinsa.

Abin lura shi ne hoton da aka datse yana ci gaba da riƙe filinsa na asali a shafi, don haka idan aka yanke ƙaramar da'ira daga babban hoto za a ga fili fayau a kewayenta. Ga hoton fuska na yau da kullum `border-radius` ya wadatar, kuma ya fi sauƙin gyara ga wanda zai gaji shafin daga baya.

Yaya ake sa zobe ko inuwa a kewayen zagayayyen hoto?

Idan da `border-radius` aka yi da'irar, `border: 4px solid #fff` yana bayar da zobe, kuma `box-sizing: border-box` yana hana zoben ƙara wa hoton girma. Mai son zobe biyu, fari a ciki da kore a waje misali, yana iya jera inuwa biyu marasa dishi: `box-shadow: 0 0 0 4px #fff, 0 0 0 7px #0a7d3b`. Idan kuwa da `clip-path` aka yanke, inuwar da aka sa wa hoton za ta ɓace kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata, sai dai a kewaye hoton da wani akwati a sa wa akwatin `filter: drop-shadow()`, wanda yake bin siffar abin da ya rage a bayyane.

Me ya sa rubutu ba ya bin gefen da'irar, sai ya tsaya kamar hoton murabba'i ne?

Domin a wajen tsara rubutu hoton har yanzu murabba'i ne. Kusurwoyinsa ɓoye su kawai aka yi. Umarnin da yake sa layuka su bi lanƙwasa shi ne `shape-outside: circle(50%)`, kuma ba ya aiki sai a kan hoton da aka sa wa `float`, umarnin da ke tura hoto gefe rubutu ya kewaye shi. A ƙara `margin` domin haruffa kada su manne da hoton. A ƙaramin allon waya wannan ado yakan bar layuka masu kalma ɗaya ko biyu a gefen hoton, don haka gara a kashe shi a can, a ɗora hoton a saman rubutun.

A wane hali ne ya zama tilas a yanke fayil ɗin kansa?

A duk inda CSS ba ya kaiwa. Babban misali shi ne imel: tsohuwar manhajar Outlook ta Windows, tun daga sigar 2007, da injin Microsoft Word take nuna saƙo, kuma wannan inji ba ya aiki da `border-radius`. Wanda yake so hotonsa ya fito zagayayye a sa hannun imel ga kowa da kowa sai ya yanke shi a fayil. Haka abin yake ga hoton da za a ba wani ya ɗora a fosta ko takarda da wata manhaja da ba a san halinta ba.

Opera Mini, wadda mutane da yawa a Najeriya suke amfani da ita domin tattalin data, tana da yanayin matsewa mafi tsanani inda ake sarrafa shafi a kwamfutocin kamfanin Opera kafin a turo shi waya, kuma a wannan yanayi lanƙwasassun kusurwoyi ba sa fitowa. Wannan bai isa dalilin yanke fayil ba. Mai karatu zai ga hoto murabba'i, fuskar tana nan, bayanin yana nan, kuma fayil mai sauƙin nauyi ya fi masa amfani fiye da da'ira. Abin da ya kamata shi ne a tabbatar hoton da aka ɗora murabba'i ne mai kyan gani tun asali, yadda ko an cire adon ba zai ba da kunya ba.

Yaya ake yankewa a GIMP, Photoshop, Canva ko Figma, kuma me ya sa kusurwoyin suke fitowa farare bayan na adana?

A GIMP, wadda kyauta ce, ana fara ƙara wa hoton Alpha Channel, wanda yake ba shi damar riƙe fili marar launi, daga jerin Layer, a zana da'ira da Ellipse Select bayan an ƙayyade ma'auninta 1:1, a juya zaɓin da Invert, a goge, a rage fili da Crop to Content, sannan a fitar da shi. A Photoshop ana zana da'ira ana riƙe da maɓallin Shift, a sa ta ƙarƙashin hoton, a yi Clipping Mask, wanda yake ba da damar matsar da fuskar a cikin da'irar ba tare da an lalata komai ba. A Figma ana zana da'ira a cika ta da hoton. A Canva ana jawo hoton cikin zagayayyen Frame, sai dai sauke shi ba tare da launin baya ba yana cikin abubuwan da ake biyan kuɗi.

Fararen kusurwoyi kuwa alama ce ta cewa an adana a JPEG. Wannan tsari, wanda aka kafa tun 1992, ba shi da hanyar nuna cewa wani fiksel ba shi da launi, don haka manhaja tana cike gurbin da fari ko baƙi. PNG da WebP da AVIF suna iya riƙe fili marar launi. GIF ma yana iyawa, amma a wurinsa fiksel ko dai a bayyane yake ɗungurungum ko a ɓoye ɗungurungum, babu tsaka-tsaki, shi ya sa bakin da'irarsa yake fitowa kamar haƙoran zarto. Matsalar PNG ita ce nauyi: ba ya zubar da komai wajen matsewa, don haka hoton fuska a PNG yakan ninka na JPEG sau da yawa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010 kuma Safari ya karɓa a 2020, ya haɗa sauƙin nauyi da fili marar launi, amma ga imel PNG ya fi tabbas.

Akwai wani siririn farin layi a bakin da'irar idan na ɗora ta kan baƙin fili. Daga ina ya fito?

Domin bakin da'ira ya yi sumul, manhaja tana sa fiksel ɗin da ke kan iyaka su zama rabi a bayyane. Idan an yanke da'irar daga hoton da aka riga aka haɗe da farin baya, waɗannan fiksel sun riga sun gauraya da fari, kuma ba a ganin hakan sai an ɗora su kan launi mai duhu, abin da ya yawaita yanzu da shafuka suke da yanayin dare. A sake yankewa daga hoton asali, ko a rage zaɓin da fiksel ɗaya ko biyu kafin a goge. Da'irar da aka yi da CSS ba ta da wannan ciwo, saboda burauza tana lissafa bakin ne da launin da ke bayansa a lokacin.

Wane girman hoto ya kamata in ɗora, kuma shin yin da'ira yana rage data?

Da'irar CSS ba ta rage ko baiti ɗaya. Burauza tana sauke fayil ɗin duka, sannan ta ɓoye abin da za ta ɓoye. A ƙaddara makaranta ta jera hotunan malamai 20 yadda suka fito daga waya, kowanne megabait 3: mai ziyara zai sauke megabait 60 domin ganin ƙananan da'irori, kuma a inda sabis yake da rauni zai rufe shafin kafin rabinsu su buɗe.

A ɗaya ɓangaren, hoton da ya yi ƙanƙanta yana dishi-dishi, saboda allon yawancin wayoyin zamani yana sa fiksel biyu ko uku a kowane gefe na fiksel ɗaya na CSS. Da'ira mai `160px` tana buƙatar hoto mai fiksel 320, ko 480 ga allo mafi kaifi. Abin yi shi ne a yanke hoton murabba'i a manhaja, a rage shi zuwa ninki biyu ko uku na girman da za a nuna, a adana a JPEG ko WebP, a bar wa CSS aikin zagayewa. A kuma rubuta `width` da `height` a kan alamar `img` domin burauza ta tanadi wurin tun kafin hoton ya iso, tare da `alt` mai ɗauke da sunan mutumin ko muƙaminsa saboda masu amfani da manhajar karanta allo.

Tambarin kamfaninmu yana da rubutu, kuma da'ira tana cin farkon sunan da ƙarshensa. Mece ce mafita?

Murabba'i mafi girma da zai shiga cikin da'ira yana da gefe kusan kashi 71 cikin 100 na faɗinta, don haka a da'ira mai fiksel 400 duk abin da ke da muhimmanci ya tsaya cikin kusan 283 na tsakiya. A shafin da mutum yake da iko da shi, `object-fit: contain` da `padding` da launin baya suna magance matsalar. A dandalin sada zumunta, inda ba a taɓa CSS, sai a shirya fayil murabba'i mai yalwar fili a kewaye. Idan sunan dogo ne, gara a ɗauki alamar tambarin kaɗai ko harafin farko, domin rubutun da aka ƙanƙantar har ya shiga da'ira mai girman farce babu mai iya karanta shi.

Ba na rubuta CSS da hannu. Akwai hanyar da aka riga aka tanada?

A WordPress, bulon hoto yana da salon Rounded a gefen dama. A Bootstrap, wanda tarin shiryayyun umarnin CSS ne, ana sa `rounded-circle`, wanda a siga ta 3 sunansa `img-circle`. A Tailwind, wanda shi ma irin wannan tari ne, ana sa `rounded-full`, a haɗa da `aspect-square` da `object-cover`. Dukkansu `border-radius` ne a ƙarƙashi, saboda haka sharaɗin akwati murabba'i da aka yi bayani a amsar siffar ƙwai yana nan daram.

Masu amfani da shafina ne suke ɗora hotunansu. Yaya zan tabbatar kowa ya fito daidai?

Ba za a iya zama ana gyara `object-position` ga dubban mutane ba, don haka sai a ba kowa damar zaɓen wurin da yake so. Kayan aiki irin su Cropper.js suna nuna akwatin yanka mai ma'aunin 1:1, kuma ana iya zagaye shi da CSS domin mutum ya ga yadda zai fito. Abin da za a adana a sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ya zama murabba'in, ba da'irar ba, saboda dalilin da aka kawo a amsar farko. Wasu masu hidimar hotuna kamar Cloudinary suna iya gano fuska su yanke kewayenta da kansu, amma yana da kyau a gwada da hotunan masu hijabi da niƙabi da rawani kafin a dogara da hakan. Ga wanda bai ɗora hoto ba, a nuna harafin farko na sunansa a cikin da'ira mai launi mai girma ɗaya da sauran, domin jerin kada ya wargaje.

Gumakan manhajojin iPhone ba da'ira ba ne, ba kuma lanƙwasar da aka saba ba. Ana iya yin irinsu?

Lanƙwasar `border-radius` yanki ne na da'ira da aka jona da miƙaƙƙen layi, kuma mai kaifin ido yana iya gane inda suka haɗu. Siffar da Apple ya koma wa a iOS 7 a shekarar 2013 tana shiga lanƙwasa ne sannu a hankali, kusa da irin lanƙwasar da masanin lissafin Faransa Gabriel Lamé ya bayyana a ƙarni na 19. Ana samun ta a shafi ta hanyar zana siffar a fayil ɗin SVG, wato tsarin zane da ake yi da layuka maimakon fiksel, a rufe hoton da ita ta `mask-image`, ko a yi amfani da `clip-path` mai bin zanen SVG. A 2025 Chrome ya fara karɓar sabon umarni `corner-shape: squircle`, wanda ake haɗawa da `border-radius`, kuma burauzar da ba ta san shi ba tana tsallake shi ta nuna lanƙwasar da aka saba. A ƙaramin hoto mai lanƙwasar fiksel 8 ko 12 da wuya a ga bambancin, sai a manyan gumaka da manyan katuna ne wahalar take biyan kuɗin sabulu.